Wa Zai Tsaya Wa Yarinya a Gaban Alƙali? Waiwaye Daga Tambuwal da Kebbe

Mutanen Tambuwal da na Kebbe kujera ɗaya gare su a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma daga 2003 zuwa 2015 mutum ɗaya ne ya zauna a kanta, wato Aminu Waziri Tambuwal, wanda lauya ne tun kafin ya shiga siyasa. Shi ne kakakin majalisar daga 2011 zuwa 2015, kuma a wannan zangon aka zartar da dokoki biyu da suka sauya yadda kotu za ta karɓi shaidar wadda aka yi wa fyaɗe. Daga baya, yana gwamna, ya sa hannu a kan irinsu domin Jihar Sakkwato. Saboda haka 'yan wannan yanki sun fi kowa cancantar su tambaya: yarinyar da aka keta wa haddi a wani ƙauyen Kebbe, me ya sauya mata ranar da za ta buɗe baki a gaban alƙali? Amsar ba za ta fito ba sai an koma baya sosai, domin wahalar da take sha a kotu gado ce, kuma ta hanya biyu aka gaje ta.

Tambuwal gari ne na gidan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, kuma alƙalan wannan ƙasa tun bayan jihadin 1804 da littattafan mazhabar Malikiyya suke hukunci: Risala, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim malamin Andalus, wadda ita ce abokiyar zaman kowane alƙali. Wanda ya karanta waɗannan littattafai a zaure ya san ba su yi shiru a kan fyaɗe ba. Tushen hukuncin a fili yake, wadda aka tilasta ba ta da laifi. Hadisi ya zo da labarin matar da wani ya afka wa a hanyarta ta zuwa masallaci a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ba a hukunta ta ba, aka sallame ta. Imamu Malik ya ƙara da cewa wanda ya tilasta mace sai ya biya ta sadaki irin na tsararrakinta, bayan hukuncin da ya hau kansa. Ibnul Arabi, wanda ya yi alƙalanci a Andalus, ya tafi a kan cewa wanda ya tare mace da ƙarfi ya keta mutuncinta ɗan fashi ne, har ya fi mai ƙwace dukiya muni, kuma ba a neman shaidu huɗu kafin a tabbatar da fashi.

Tuhfa ta ware fasali guda a kan ƙarar fyaɗe. Abin da ya fi jan hankalina a cikinsa shi ne alƙali yana duba alamu: ko ta zo tana riƙe da mutumin, ko tana zubar da jini, ko ta yi kururuwa an ji, sannan yana duba halin wanda ake tuhuma, ko sananne ne da fasiƙanci ko da kamun kai. Haka kuma fiƙihun ya yarda da shaidar mata biyu a kan abin da maza ba sa gani. Ya kuma san cewa fitowa bainar jama'a nauyi ne a kan wasu mata, shi ya sa aka yi tanadin cewa matar da ba ta fita da rana za ta yi rantsuwarta da dare, wadda ba ta fita ko kaɗan kuma a aika mata wanda zai rantsar da ita a gida. Malaman da suka rubuta wannan tun ƙarnuka da suka wuce sun riga sun gane cewa kunya da tsoro suna iya danne gaskiya a bakin mai ita.

Amma kada a ɗauka komai sauƙi ne a cikin waɗannan littattafai. Akwai tsanani guda biyu da suka faɗa a kan mace. Na farko, a wurin Malikiyya ciki hujja ce ta zina a kan matar da ba ta da miji, kuma ba a karɓar cewarta an tilasta ta sai ta zo da alama, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya waɗanda ba sa tsayar da haddi saboda ciki kaɗai. Na biyu, idan ta ambaci sunan mutumin da aka sani da kirki, ta kuma kasa kawo alama, tana iya shan bulala tamanin ta ƙazafi. Wato wadda ta yi kururuwa nan take doka tana tare da ita, wadda tsoro ya rufe wa baki har ciki ya bayyana kuwa ta shiga uku. Kuma kowa ya san yawancin yara irin wadda tsoro ya rufe wa baki ne.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sun bar kotunan alƙalai suna aiki a ƙarƙashin En'e, suka hana jifa da yanke hannu, suka kuma kafa nasu kotunan a gefe. Ana gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958 a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma daga shawararsu aka samu kundin Pinal Kod da ya fara aiki a 1960. An ɗauko shi daga na Sudan, na Sudan kuma daga na Indiya na 1860. Sashe na 282 ya fayyace fyaɗe, ya ce saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, ko wadda ba ta da cikakken hankali, fyaɗe ne ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Wannan ci gaba ne, domin an raba fyaɗe da zina, an kuma daina neman shaidu huɗu.

Sai dai kundin laifi daban, dokar shaida daban. Dokar shaidar da aka yi a 1943 daga Ingila aka kwaso ruhinta, kuma shari'ar Ingila ta daɗe tana yi wa mai ƙarar fyaɗe kallon maƙaryaciya har sai ta wanke kanta. Wani alƙalinsu na ƙarni na 17, Matthew Hale, shi ya bar musu gargaɗin cewa zargin fyaɗe yana da sauƙin yi, yana da wuyar karewa. Daga nan aka samu al'adar da alƙalanmu suka gada: kada a ɗaure mutum da maganar mace ita kaɗai, sai an samu wata hujja ta daban da ta ƙarfafa ta. Idan ɓarawo ya tare ka a hanya ya ƙwace maka babur, shaidarka kai kaɗai tana iya isa a ɗaure shi in alƙali ya gamsu. Idan mace ce aka keta, sai a ce a nemo mai ƙarfafa maganarta, alhali laifi ne da ake yi a kango, ko cikin gero ya yi tsawo, ko a ɗakin shago an turo ƙofa. Har a 2001, a shari'ar Iko, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin ɗaurin da kotunan ƙasa suka yanke saboda rashin irin wannan hujja. Ingilar da ta koya mana ta riga ta soke wajabcin wannan gargaɗi tun 1994.

Akwai wani sashe a tsohuwar dokar da ya fi wannan ciwo, sashe na 211. Ya ba wanda ake tuhuma dama ya nuna wa kotu cewa matar dama can ba ta da kamun kai, a kuma tambaye ta ko ta taɓa sanin wani namiji. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ana irin wannan shari'a ya ga yadda abin yake. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ko sha huɗu, mai tallar gyaɗa ko fura, an tsayar da ita a cikin akwatin shaida, hijabinta har ƙasa, tana murza bakinsa da yatsu. Ɗakin cike yake da maza: masu jiran tasu shari'ar, 'yan sanda, dangin wanda ake tuhuma, da 'yan kallo da suka shigo don sun ji labarin abin da za a yi. Mutumin da ya yi mata abin yana tsaye taku kaɗan daga gare ta, ya kafa mata ido. Lauya ya yi tambaya da Turanci, tafinta ya juya ta da ƙarfi yadda na bayan ɗaki zai ji. "Me ya kai ki ɗakinsa?" "Kin karɓi kuɗinsa ko ba ki karɓa ba?" "Kin yi ihu? Wa ya ji?" Sannan a ce ta faɗi abin da ya yi mata dalla-dalla, da sunan gaɓoɓin da ko a gaban uwarta ba ta taɓa ambata ba. Ta ce ya yi mata "abin banza", ko ta ce ya "ɓata" ta. Lauya ya ce kotu ba ta san wannan ba, ta fayyace. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Aka rubuta cewa mai shaida ba ta tabbatar da saduwa ba, kuma da wannan layi guda ake rasa shari'a, domin a doka in ba a tabbatar da shigar ba, ba a tabbatar da fyaɗe ba. Tarbiyyar da aka yi mata a gida, ta kunya da kame baki, ita aka juya ta zama hujja a kanta.

Da aka dawo da hukunce-hukuncen shari'ar Musulunci na laifuffuka, Zamfara a Janairun 2000, Sakkwato a farkon 2001 a zamanin Attahiru Bafarawa, jama'a sun yi murna da zuciya ɗaya, kuma dalilinsu a fili yake, sun gaji da kotunan da shari'a ke shekara da shekaru a cikinsu. Amma an rubuta kundayen cikin gaggawa. Na Zamfara, wanda jihohi da yawa suka kwaikwaya, ya sa fyaɗe a babin zina da hukunci irin nata, ya ƙara da biyan sadaki. Faɗin da ke cikin Tuhfa na duba alamu, da ra'ayin Ibnul Arabi na ɗaukar fyaɗe a matsayin fashi, ba su samu wurin da ya kamace su ba. Tsananin nan guda biyu kuwa suka shigo da ƙarfinsu.

Ba a daɗe ba aka ga sakamako. A Tsafe ta Jihar Zamfara, a shekarar 2000, wata budurwa mai suna Bariya Ibrahim Magazu ta bayyana da ciki, ta ce maza uku ne suka tilasta ta. Suka musa, aka sallame su. Ita aka yanke mata bulala 100 ta zina da 80 ta ƙazafi a watan Satumba. Daga baya an janye tamanin ɗin, aka yi mata ɗarin a Janairun 2001. A nan Sakkwato kuma, Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Husaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa a Oktoban 2001. Bazawara ce, ta ce wani mutum ne ya tilasta ta, shi kuma ya musa, babu shaidu huɗu, ya tafi gida. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta soke hukuncin ranar 25 ga Maris, 2002, da dalilai na cikin shari'ar kanta: abin da ake zargi ya faru kafin dokar ta fara aiki, kuma kotun farko ba ta bi ƙa'ida ba wajen fahimtar da ita laifin da ake tuhumarta da shi. A ɗaukaka ƙarar an bar maganar tilas, aka koma kan kwantacce, wato cikin tsohon mijinta ne. Na yi farin ciki da kuɓutarta kamar kowa, kuma alƙalan da suka yi hukuncin sun nuna cewa fiƙihu yana da hanyar gyara kuskure. Amma darasin da matan karkara suka ɗauka daga shari'o'in nan biyu mai ɗaci ne: in kin ambaci sunan namiji, shi zai rantse ya tafi, ke za ki zauna da hukunci. Duk mai son sanin dalilin da ya sa uwa a Sanyinna ko Kuchi take cewa a yi shiru, to ya sa wannan a lissafi.

Ƙungiyoyin mata irin su WRAPA da BAOBAB, waɗanda suka tsaya a waɗannan shari'o'i, suna cikin masu tura gyaran doka a Abuja, kuma gyaran ya zo a hankali. A 2003 aka yi Dokar Haƙƙin Yara, wadda ta tanadi kotun iyali da sakaya sunan yaro, amma jihohin Arewa da yawa suka ƙi karɓarta saboda saɓani a kan shekarun aure. A 2007, a shari'ar Ogunbayo, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa doka ba ta wajabta hujja mai ƙarfafawa a fyaɗe ba, alƙali yana iya ɗaure mutum da shaidar wadda aka yi wa laifin in ya gamsu da ita.

Babban sauyi ya zo da sabuwar Dokar Shaida ta 2011. Ta kawar da sashe na 211, ta kawo sashe na 234 a madadinsa, wanda ya hana a kawo hujja ko a yi tambaya a kan mu'amalar mai ƙara da wani namiji daban sai da izinin kotu. Wannan doka ta tarayya ce, tana aiki a Babbar Kotun Sakkwato kamar yadda take aiki a ta Legas, kuma lauyan gwamnati da ya zauna yana kallo ana yi wa yarinya irin waɗancan tambayoyi bai tashi ya ƙalubalanta ba, ya ci amanar aikinsa. Sai dai dokar ta bar wani ƙulli. Sashe na 209 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba zai ba da shaida ba tare da rantsuwa ba, kuma ba za a ɗaure mutum da irin wannan shaida ba sai wata hujja ta ƙarfafa ta. Ma'ana waɗanda suka fi kowa rauni su ne har yau maganarsu ba ta tsayawa da ƙafarta. Shi ya sa takardar likita take da nauyin da take da shi a shari'ar ƙananan yara. In babu ita, sau da yawa babu shari'a.

A watan Mayu na 2015, kwanaki kaɗan kafin ya sauka, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokokin nan biyu da majalisar da Tambuwal ke wa kakaki ta zartar. Ta farko ita ce dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka. Ta ba alƙali ikon fitar da 'yan kallo idan wanda bai kai shekara 18 ba zai ba da shaida a laifin da ya shafi lalata. Sashe na 232 kuma ya buɗe ƙofar a saurari wasu shari'o'i a asirce, a sakaya sunan mai shaida da adireshinsa a rubuta haruffa a madadinsu, a sa labule tsakaninsa da wanda ake tuhuma, ko a karɓi shaidarsa ta bidiyo daga wani wuri. Ta biyu ita ce dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP, da ƙungiyoyin mata suka shafe fiye da shekara goma suna bi. Ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe har ya haɗa da wanda aka yi wa yaro namiji, abin da Pinal Kod bai kira fyaɗe ba. Ta sa ɗaurin rai da rai, ta ce kada hukunci ya gaza shekara 12, ko 20 ga waɗanda suka yi taron dangi. Ta umarci kotu ta sa a biya diyya, ta hana buga abin da zai tona ko wace ce aka yi wa laifin, ta kuma kafa rajistar waɗanda aka ɗaure, wadda hukumar NAPTIP ta ƙaddamar a 2019. Irin waɗannan matakai ba sababbi ba ne a duniya. Afirka ta Kudu ta fara sa mai shiga tsakani ya riƙa isar wa yaro tambayar lauya da harshen da zai gane tun 1993, Ingila kuma ta tattara nata a dokar 1999, har da cire hular gashi da rigar alƙali don kada yaro ya firgita.

Amma a shari'ar fyaɗe, dokokin 2015 a Abuja kawai suke aiki sai jiha ta yi nata. Sakkwato ta sabunta Pinal Kod ɗinta da dokar tafiyar da shari'a a 2019. Sai 2020 ta zo da kullen korona da labaran da suka girgiza ƙasa, kisan Uwaila Omozuwa a Benin da na Barakat Bello a Ibadan, har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe a watan Yuni. Kaduna ta amsa da dokar dandaƙa a watan Satumba. Na fahimci fushin da ya haifi wannan doka, amma tsananta hukunci ba ya amfanar yarinyar da shari'arta ta mutu tun kafin a kai ga hukunci. Abin da Sakkwato ta samu a wannan shekara ya fi kusa da buƙata: Cibiyar Nana Khadija a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, wadda aka buɗe a ƙarƙashin shirin Spotlight na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya. A can ana duba wadda aka yi wa fyaɗe kyauta, a ba ta magani, a kwantar mata da hankali, a rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. A Nuwamban 2021 kuma gwamna ya sa hannu a kan dokar VAPP ta jiha da Dokar Kare Yara.

A takarda, ke nan, yarinyar Kebbe ta yau ta fi uwarta da kakarta gata nesa ba kusa ba. Amma mu bi ta mu gani.

Abu na farko da uwa take yi idan ta gane abin da ya faru shi ne ta ɗora ruwan zafi, ta gasa 'yarta, ta wanke zanen da wandon. Ƙauna ce ta sa ta, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa hujjar da sashe na 209 yake nema ita ce ta zubar a makwarara. Babu kuma wanda ya gaya mata cewa maganin da ke kare yarinyar daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, ta Shagari da Boɗinga. Daga ƙauyukan Kebbe ta fi haka, kuma wasu hanyoyin 'yan bindiga sun sa ba a bin su sai rana ta ɗaga.

Kafin a gama shawarar kuɗin mota, magana ta kai zauren mai unguwa ko na hakimi. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarma. Ga uban yarinya, ga baffan wanda ake zargi, ga liman, ga dattawa biyu ko uku. Wanda ake zargin ba baƙo ba ne, maƙwabci ne, ko mai shagon bakin layi, ko ɗan uwa na jini. "Malam, a rufa asiri, Allah Ya rufa naka." "Ka duba gobenta, in magana ta fita wa zai aure ta?" "Mu duka ɗaya ne, kada a kai mu gaban hukuma." Aka ajiye wani abu a ƙarƙashin tabarma da sunan kuɗin magani, aka shafa fatiha. Yarinyar tana cikin gida, ba wanda ya kira ta, ba wanda ya tambaye ta. Sulhu alheri ne a rikicin gona da na aure da na bashi, kuma sarakunanmu sun kashe wutar da kotu ba za ta iya kashewa ba. Amma fyaɗe laifi ne da doka ba ta ba uba ko hakimi ikon yafewa ba, kuma mutumin da aka rufa wa asiri a daren nan yana nan a unguwar, tare da sauran 'yan talla.

Uban da ya yi ƙarfin hali ya ƙi sulhu, shi ma bai huta ba. Daga ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma za a tura fayil sashen binciken manyan laifuffuka a Sakkwato. A gurfanar da mutumin a kotun majistare a tsare shi, a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a, sannan a shigar da ƙara a Babbar Kotu. Kowane mataki kuɗin mota ne da yinin gona da aka rasa. A zo a ce an ɗage zama, lauya bai zo ba, ko likitan da ya rubuta rahoto an yi masa canjin wurin aiki. In an ba da beli, mutumin ya koma gari, yarinyar tana haɗuwa da shi a hanyar rijiya. Wata shida, shekara, shekara biyu. Ranar da aka kira ta a ƙarshe, ko an yi mata aure an kai ta wani gari, ko iyayen sun gaji sun ce sun bar wa Allah. Sai a kori ƙara saboda shaidu ba su zo ba. Labule da bidiyo da sakaya suna duk an tanade su ne domin wadda ta iso akwatin shaida, ita kuwa ba ta iso ba.

Abin da ya rage bai kai wanda aka riga aka yi wuya ba. Fitar da 'yan kallo daga ɗakin kotu ba ya cin ko sisi, kuma tsarin mulkin 1999 da kansa, a sashe na 36, ya yarda da shi domin kare yara da mutuncin masu shari'a. Labule yadi kaɗan ne. Abin da ake nema shi ne lauyan gwamnati ya roƙa tun ranar farko, alƙali kuma ya yi umarni ko ba a roƙa ba. Manyan asibitocin Tambuwal da Kebbe suna buƙatar ma'aikaciyar jinya ko likita da aka horar a kan duba irin waɗannan yara da rubuta rahoton da zai tsaya a kotu, da magani a ajiye, kyauta, yadda ba sai an kai Sakkwato cikin kwana uku ba. A ware kuɗin motar shaidu a kasafin Ma'aikatar Shari'a. A samu mace, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, da za ta zauna kusa da yarinya, ta nuna mata ɗakin kotu tun kafin ranar, ta gaya mata cewa faɗin sunan abin da aka yi mata a gaban alƙali ba rashin kunya ba ne. A karɓi shaidarta da wuri, a zama ɗaya, kafin tsoro da matsin dangi su cinye ta.

Malamanmu kuma akwai nasu aikin, kuma ya fi na kowa tasiri, domin maganar da liman ya yi a kan mumbari ranar Juma'a tana shiga inda takardar gwamnati ba ta shiga. Su karantar da abin da ke cikin littattafan da suka gada, cewa wadda aka tilasta ba ta da zunubi, cewa tana da haƙƙi a wuyan wanda ya zalunce ta, cewa ɓoye shaida laifi ne a wurin Allah. Iyayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni na Tambuwal da Kebbe, ku ne ake fara kawo wa wannan magana da dare. Idan ta zo, kada a shimfiɗa tabarmar sulhu. A nemi mota a kai yarinyar asibiti kafin a yi mata wanka, a sanar da hukuma, sannan ku tsaya wa ubanta har ranar da za a yanke hukunci.